Shekarar da Hedley Ya Riƙa Manta Jakar Abincinsa

Mijina Hedley Coombs ya yi shekara arba'in da shida yana huɗa a gonar mutanen Symes, kuma ko sau ɗaya bai taɓa cin ganyen latas a bakin gona ba. Na fara da wannan ne saboda yanzu duk gidan giyar da ka shiga a Dorset sai ka ga an rubuta "abincin mai huɗa" a allo, a kawo maka faranti ya sha ado da ganye da tumatir, har da cokali mai yatsu naɗe cikin takarda. Ni shekara talatin da huɗu ina haɗa wa mai huɗa na gaske abinci, na san abin da ke shiga jakar. Gindin burodi wanda ya kwana biyu, don kada ya marmashe. Cuku mai tauri, kamar rabin tafin hannu. Ɗanyar albasa guda da ɓawonta. Gishiri ƙulle a takarda. Sai shayi ba madara a kwalba, kwalbar cikin tsohuwar safa don ta riƙe ɗumi.

Akwai kuma abin da masu allon ba su sani ba. Hannun mai huɗa ba ya rabuwa da ƙasa da baƙin mai, ga shi babu ruwan wanke hannu a tsakiyar gona. Don haka Hedley kan ɓalli ɗan burodi kamar faɗin kwabo, ya ɗora a kan cukun, ya danne da babban yatsa. Burodi a tafin hagu, cuku a kansa, albasa maƙale a ƙananan yatsu, wuƙa a dama. Haka zai yi ta yanka yana kaiwa baki da tsinin wuƙar, in ya gama ya jefa wa tsuntsaye ɗan ɓallin da ya yi baƙi. Haka ubansa ya ci nasa.

A gidan da muka zauna aka haife shi, ƙaramin gida mai rufin ciyawa a ƙarshen ƙauyen Melcott. Yana shekara goma sha uku aka cire shi daga makaranta aka damƙa masa linzamin dawakai biyu. Lokacin yaƙi ba a ɗauke shi soja ba, aka ce ƙasa ta fi bukatar garmarsa. Bayan yaƙi aka sayar da dawakan aka kawo tarakta. Ranar ya dawo gida idonsa jawur, ya ce mura ce, ni kuwa ban taɓa ganin murar da ke zuwa da rana ta tafi kafin safiya ba. Ba mai magana ba ne. Idan ya ci abincinki ya ce "ba laifi", to kin yi bajinta. Amma a ba shi fili da garma a ga aiki. Sau bakwai yana cin gasar huɗa ta gundumarmu.

A wurinmu huɗa ba ta ɓoyuwa. Ran Lahadi bayan coci maza kan zaga hanyoyi, hannu a aljihu, suna leƙa shinge suna duba aikin juna. Wanda layinsa ya karkace zai sha ba'a har kaka ta zagayo, duk inda ya shiga a tambaye shi ko zomo ya biyo. A gaban layin Hedley sai dai su tsaya su gyaɗa kai su wuce.

Gidan nan ba namu ba ne, na gonar ne, kuma duk tsoron da na sha daga nan ya taso. Muddin miji yana aiki iyali suna ciki. Ranar da ya kasa, a ba ku wata ɗaya ku tattara, don wanda zai maye gurbinsa yana bukatar ɗaki. Ina amarya na ga an yi wa mutanen Hallett haka, bayan bijimi ya karya wa mijin ƙugu. Da idona na ga gadonsu da kujerunsu a bakin hanya ana yayyafi, matar tana zaune a kan akwati da agogon bango a cinya. Sauƙi ɗaya ne a gonar Symes: wanda ya kai shekara sittin da biyar yana kan aiki, ana barinsa a gidan har ya mutu. Tsohon Symes ne ya kafa haka. Ɗansa Gerald da ya gaje shi bai rushe ba, amma bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ko da kwana ɗaya ba. A 1967 Hedley yana da hamsin da tara, saura shida.

A watan Maris na shekarar na buɗe jakarsa na ga jini a ƙyallen burodi. Bayan kwana uku na sake gani. Na jira har Lahadi muka ci abincin rana.

"Me ya sami hannunka?"

"Wayar shinge ce."

"Wayar shingen ta biyo ka har cikin ƙyallen burodi? Hedley, tun kafin in san ka kake yankan albasa a hannu ba ka taɓa yankewa ba."

Na tashi na tsaya a gabansa na ɗaga yatsu uku.

"Nawa ne?"

Sai na ga ya karkata kai gefe kamar kaza za ta dubi tsaba. Nan take na tuna wata nawa yana yi min wannan kallon ina ɗauka wuyansa ne ya sage.

"In na dube ki, Ivy," in ji shi, "ina ganin kafaɗunki, ina ganin tagar da ke bayanki. Fuskarki ce babu. Kamar an shafa toka a wurin."

"Tun yaushe?"

"Na hagu tun bara. Na dama tun Kirsimeti."

"Gobe mu je wurin likita."

"Likitan da ke fita farautar dila da Symes duk Asabar? Kafin mu iso gida labari ya riga mu."

Na koma na zauna. Raina ya ɓaci da ya ɓoye min, na kuma ji tausayinsa, amma tsoro ya fi duka biyun yawa.

Yadda huɗa take shi ya ba mu mafita. Da zarar an ja layin farko, ƙafar tarakta ta dama tana faɗawa cikin kwarin da garma ta bari, ita ke jan hanya, Hedley kuwa a ƙugunsa yake jin ta. Layin farkon ne matsala. Ana kafa sanda can ƙarshen gona a ɗaura mata ɗan farin ƙyalle, mai huɗa ya kafa mata ido ya nufe ta ba waiwaye. Sandar nan ce ta ɓace masa. Amma babban abu fari, in yana motsi, yana kama shi da gefen ido.

Sai Hedley ya fara manta jakar abincinsa, mutumin da bai taɓa manta ko ashana ba. Duk ranar da zai buɗe sabon fili sai ya fita ya bar jakar rataye a ƙusa. Bayan rabin sa'a in ɗauka in bi shi, ina mita da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. A ƙasan jakar akwai farin mayafin teburinmu na Kirsimeti. In je in tsaya daidai kan sandar in warware shi in yi ta kaɗawa, shi kuma ya karkata kai ya taho. Ba na gusawa sai ya rage taku goma. Ban san tarakta tana da girma haka ba sai da na tsaya a gabanta, ina sane mai tuƙin mayafin yake gani, ni ba ya ganina.

Ƙauye ba ya rasa ido. Queenie Trickett mai gidan giya, ajinmu ɗaya a makaranta, ta tare ni a ƙofar kanti.

"Ivy, wai sabuwar soyayya ce ta tashi? Kullum kina bin tsoho gona."

"Mantuwa ce ta kama shi."

"Har da mayafin tebur? Allah ya ba mu irin wannan mantuwa. Nawa Reg ɗin, ko rijiya na faɗa sai ya gama karanta jarida."

Na yi dariya kamar yadda ya kamata, na koma gida ina tambayar kaina wa ya ga mayafin.

Farkon Satumba kuma, ina tsaka da kaɗawa, sai na ji tsayuwar mota a bayan shinge. Gerald Symes ne, ya leƙo kai ta taga.

"Misis Coombs, shanya kike yi a gonata?"

Taraktar tana tahowa, in na sauke hannu layin ya karkace a gaban idonsa.

"Zanzaro ne, Yallaɓai," na ce, ina ci gaba da kaɗawa. "Sun ji ƙanshin abinci sun yanyame ni."

Ya dube ni, ya dubi layin da ke miƙowa sak, ya ce in yi hattara suna da dafi bana, ya ja mota. Da Hedley ya iso bai ma san an zo ba. Ni kuwa sai da na shiga bayan shinge na amayar da karin kumallona.

Da aka gama kwashe alkama, Symes ya kira ma'aikatansa da matansu gidan Queenie ran Asabar da rana, kamar kowace shekara. Babu halin ƙi. Tun daga ƙofa nake yi wa Hedley raɗa: ga matakala, ga kujera a damanka, mai gaishe ka ɗin nan Len Pardy ne. Na zaunar da shi ya ba taga baya, na manne a gefensa, na ce a raina sa'a biyu ce mu tashi.

A bazarar ne Queenie ta fara sayar da farantin nan. Mutanen birni sun samu motoci, duk Lahadi suna tururuwa ƙauye wai su ci abincin manoma, su ajiye motocin a kwanar gidanta yadda suka ga dama. Kanta ya kumbura da abin. Muna zaune sai ga ta da faranti ɗauke sama, tana buga shi da cokali.

"Jama'a, a saurara! Ga abincin mai huɗa, ga mai huɗa. Hedley sarkin garma, duba ka gaya mana me ya dace me bai dace ba. In ka ce ya yi, gobe sunanka a allo."

Ta dire shi a gabansa. Symes ya jawo kujera ya zauna suna fuskantar juna, giya ta ɗan sake shi.

"Yauwa, Coombs. Lissafo mana su ɗaya bayan ɗaya."

Ni ina ganin komai: burodi mai laushi, cuku, albasa biyu da aka tsima a ruwan tsami, wani baƙin haɗi mai tsami da zaƙi a ɗan kwano, latas, tumatir, yankan tuffa, rabin dafaffen ƙwai, da man shanu naɗe cikin takarda mai ƙyalli. Hedley yana kallon tsakiyar farantin, inda babu komai a wurinsa. Matar Symes tana kusa da ni, ko tari na yi za ta ji. Na matse hannuna a ƙarƙashin tebur har farce ya shiga nama.

Hedley ya zaro wuƙarsa a hankali ya goge ta a wando.

"Ni ban taɓa cin abinci da ido ba, Yallaɓai. Ido yana kan dawakai ko kan hadari. Dokar ɗaya ce: abin da hannun hagu bai riƙe ba, ba na mai huɗa ba ne."

Ya ɗora yatsu a bakin farantin ya fara bi. Ya ɗago latas ya kaɗa shi.

"Wannan na zomayen Reg ne."

Aka fashe da dariya. Ya taɓa tumatir ya ɗan matsa.

"Sa wannan a jaka, kafin ƙarfe goma ya zama miya."

Ya sunsuna tuffa. "Ana ci, amma ba a ɗaukowa daga gida. A bishiyar maigida ake samu, in ya ba da baya."

Symes da kansa ya buga tebur. Ƙwan kuwa Hedley ya ce na kai wa kasuwa ne, bai san ana ci ba sai ran Ista. Albasar ya jefa ɗaya a baki ya ce ba laifi, amma ɗanya ta fi korar sanyi, ta kuma fi korar masu son hira. Sai yatsansa ya faɗa cikin ɗan kwanon nan har gaɓa ta biyu. Ya zaro ya lashe kamar da gangan ya yi.

"Wannan ba namu ba ne, Queenie, amma ki bar shi. Da uwata ta san shi da ubana ya riƙa dawowa gida da wuri."

Saura abu ɗaya. Ya ɗauki man shanun nan, ya juya shi, ya sake juyawa. Bai taɓa riƙe irinsa ba, ba ƙanshi, ba kama da komai. "Wannan kuwa..." in ji shi, ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo. Na ga murmushin Symes ya fara raguwa.

"Man shanu a takardar alewa!" na ce, muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so. "Queenie, ke kam ba ki da kunya. Shanu ɗari a ƙauyen nan."

"Na gani, Ivy, mamaki ne ya riƙe ni," in ji Hedley. "Na ɗauka ladan alƙalanci aka sa min."

Ya ture shi gefe, ya haɗa burodi da cuku da albasa a hannun hagu, ya ɓalli ɗan nasa ya danne da babban yatsa, ya nuna wa ɗakin. Tsofaffin da ke wurin suka yi ta gyaɗa kai, aka tafa. Ni rigata ta jiƙe da gumi har ƙugu, amma na ce mun tsira.

Sai Symes ya miƙe da kofi a hannu.

"Irin Coombs sun ƙare a ƙasar nan. Len ya karya hannu, ina ta tunanin wa zai ja keken yara ran bikin godiya. Coombs, kai ne bana."

"To, Yallaɓai," in ji Hedley.

Lahadin farko ta Oktoba ake bikin godiyar kaka. Ana ƙawata babban keken gona da damman alkama, a zuba 'yan makaranta a kai, tarakta ta ja su daga harabar gona zuwa coci. Mil ɗaya ne, rabinsa gangare, a ƙasan gangaren kuma ga kwanar gidan Queenie. Girmamawa ce a ba mutum wannan tuƙin, shi ya sa mutanen ɗakin suka sake tafa masa. Kwana takwas suka rage.

Tun a hanyar gida na fara.

"Ka ce bayanka ya riƙe."

"A kira likita."

"To taraktar ta lalace."

"A kawo ta Len. Ivy, hanyar nan tun ina rarrafe nake binta. Na san inda gangaren ya fara, na san inda ya kwanta. Zan sa taraktar a giya ta ɗaya, tsohuwa da sanda ma ta wuce ni."

"Hanyar ka sani. Motocin birni fa, da kowace Lahadi wurin da suke tsayawa daban? Karen wani fa? In yaro ya zamo ya faɗo gaban ƙafa fa?"

"Shekara shida. Kina son zama a kan akwati a bakin hanya?"

Bai taɓa ɗaga min murya ba sai ranar. Ni kuwa ba na son zaman akwatin.

Makon nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Yara ashirin da biyu ne a makarantar, babu wanda ban san uwarsa ba, uku ma ni na taimaka aka haife su. Na yi tunanin in shiga gaba da mayafin, amma a gaban ƙauye guda, daidai yake da in yi shela. Ran Alhamis na je har ƙofar gidan Symes, na kama marfin ƙofar shingen, na ga matarsa tana tsinkar furanni, na juya na dawo. Na dubi bangon ɗakinmu da na shafa wa farar ƙasa sau talatin, da bishiyar tuffar da muka dasa ranar da aka haifi 'yarmu Beryl, na ce wa kaina ai giya ta ɗaya ce, ai Hedley ne.

Ran Asabar da hantsi ya ce mu taka hanyar tare in gani da idona. Muka sauko yana ƙirga min komai ba kuskure: nan ne ƙofar Pardy, nan ramin da ruwa ke kwanciya, nan zan taka birki. Har hankalina ya fara kwanciya. Da muka iso kusa da kanti ya tsaya a tsakiyar hanya, ya miƙe wuya kamar yadda zai zauna gobe a gaban jama'a, ba karkata kai, ya dubi gabansa.

"Kin gani? Fetal. Har kwanar Queenie babu komai."

Taku goma sha biyar a gabansa, wata ta ajiye keken jariri a gefen kwalta ta shiga sayayya. Ina ganin ƙafar jaririn tana motsi a ƙarƙashin bargo.

Na kama hannun rigarsa muka zagaye keken, ya ɗauka rami nake kauce masa.

Lahadi gari ya waye tangaran. Harabar gona ta cika: iyaye, limamin coci da littafinsa, Symes da matarsa cikin kayan fita. Ana ɗora yara a kan keken suna ihu suna jifan juna da zangarniya. Jikar Queenie tana can gaba, ƙafafunta suna lilo daidai saman ƙarfen da ya haɗa keken da tarakta. Hedley ya hau ya zauna, ya sa jakitinsa na aure, wuyansa miƙe. Al'ada ce matar mai tuƙi ta hau baya ta kula da ƙanana.

Na so in je wurin Symes in faɗa da baki, amma harshena ya ƙi. Shekara talatin da huɗu ban taɓa kai ƙarar mijina wurin kowa ba. Ƙafafuna ne suka tafi da kansu. Na bi ta gefe na je na tsaya a tsakiyar ƙofar harabar, daidai gaban taraktar, taku goma. Ina sanye da kwat ɗina ruwan toka, bangon dutse a bayana. Na sauke hannuwa, ban motsa ba.

Mutane suka fara lura. Wata ta ce, "Ivy, matsa mana." Ban matsa ba. Hayaniyar ta ragu. Hedley ya tayar da inji, hayaƙi ya tashi, ƙasa tana rawa a tafin ƙafata. Idonsa yana kaina sosai, ba ko shakka. Sai ya ɗaga murya don ta fi ta injin.

"Ina Ivy? Ta hau ne? Wani ya ce mata ta yi sauri, za mu makara."

Babu wanda ya amsa. Limamin ya rufe littafinsa. Na ga Symes ya dubi Hedley, ya dube ni, ya sake duban Hedley, fuskarsa ta sauya. Hedley ya ji shirun amma bai gane shi ba. Ya sa giya. Taraktar ta yi gaba, taku ɗaya, biyu, uku, ina jin zafin injin a fuskata, na rufe ido.

"Coombs! Tsaya!"

Symes ne. Birki ya kama, yaran suka yi gaba suka dawo, wani ya fashe da kuka. Hedley ya kashe inji. Sannan a hankali, a gaban kowa, ya karkata kansa gefe, ya gan ni.

Ya daɗe a haka. Na ɗauka zai zage ni, da ma ya zage ni ɗin. Symes ya matso, ba faɗa a muryarsa, ya ce, "Sauko, Coombs. Ni zan ja." Hedley ya sauko yana laluben mataki da ƙafa, abin da ya yi wata da watanni yana ɓoyewa. Iyaye mata suka yi ta sauke 'ya'yansu suna rungumewa, babu mai kallonmu kai tsaye. Queenie kaɗai ta taho, ta kai hannu za ta taɓa ni, ta fasa.

Ya zo ya tsaya a gefena. Tun ranar aurenmu bai taɓa riƙe ni a gaban mutane ba. Ya saƙala hannunsa a nawa.

"Da na taka ki," ya ce, ƙasa ƙasa.

"Da ka taka ni."



"Kai ni gida, Ivy, tun muna da shi."

Muka bi gefen shinge muka tafi, ana buga ƙararrawar coci a bayanmu. Ran Laraba takardar Symes ta zo, ta wa'adin wata ɗaya, ni na karanta masa.